Motar lantarki ba za ta cinye wuta ba, lokacin cajinta ne abin dubawa

Duk sanda aka taso da zancen motocin lantarki sai ka ji wani ya ce ai wutar ba za ta isa ba, wai in kowa ya jona motarsa layin gaba ɗaya zai zube. Maganar ba shirme ba ce fa, amma ni a ganina an ɗora laifin inda bai dace ba.

Mu yi lissafi mana. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan kamar kilowat-awa (wato yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa) 15 zuwa 20 a kilomita 100. A ce mutum yana tafiyar kilomita 40 a rana, abin da ya ƙona bai wuce kilowat-awa 7 ko 8 ba, cajar gida kuwa irin wadda ake mannawa a bango yawanci kilowat 7 take ja, ka ga kenan awa ɗaya da ɗan kai ta isa a mayar da abin da aka kashe. Ita kuma motar tun yamma take ajiye har gari ya waye.

To wace awa ce za a ɗauka a ciki? Nan gizo ke saƙa. In aka bar mutane da halinsu kowa daga dawowa aiki zai jona, daidai lokacin da aka kunna fitilu da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi, ana girki, rana kuma ta faɗi sola ya daina bayarwa. Wadda za ta fara jin jiki ba babbar tashar samar da wuta ba ce, taransifomar unguwa ce, don an kafa ta ne bisa lissafin cewa ba duka gidaje za su ja kaya mai nauyi lokaci guda ba. Gida goma su jona tare an ƙara mata kilowat 70 kenan, kuma ba irin butar dafa ruwa ba ce da minti uku ta kashe kanta, motar da batirinta ya yi ƙasa sai ta yi awanni tana ja. Taransifoma ta yi ta ɗaukar zafi tana tsufa da wuri, na ƙarshen layi kuma wutarsu ta yi rauni ba su ji ba ba su gani ba.

Birtaniya ta kama bakin zaren. Tun ranar 30 ga Yunin 2022 cajar gida da ake sayarwa a can tana zuwa ne a saite ta kauce wa ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki, sannan akwai ɗan jinkiri da ka iya kai minti 10 kafin ta fara. Jinkirin nan ya fi burge ni wallahi, don in ka ce wuta ta yi araha daga sha biyun dare, duk motocin za su tashi a sakan ɗaya, cunkoson yamma ka ɗauko ka kai tsakar dare kawai. A Norway ma, inda a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motoci na lantarki ne zalla, tun 2022 wani ɓangare na kuɗin da ake biya na layin wuta ya danganta da yawan abin da gida ya ja a lokaci guda. Amma kar a manta su dama da lantarki suke ɗumama gidaje, layukansu sun saba da nauyi.

Wani zai ce motata ce, da wane dalili kamfani zai zaɓa min lokaci? Yana da gaskiya, direban tasi ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ba za su jira ƙarfe biyu ba. Shi ya sa dole a bar wa mai mota damar cewa yanzu nake so, wanda ya haƙura kuma ya ga sauƙi a takardar kuɗin wutarsa. Sannan ba ko'ina dare ne amsar ba, inda sola ya yi yawa kamar Kalifoniya tsakar rana ce wuta ke ambaliya, can cajar wurin aiki ta fi amfani.

Batun mota ta mayar da wuta cikin layi kuwa, e yana yiwuwa, motar Nissan Leaf ta daɗe da iya haka, birnin Utrecht na Holan ma yana ta gwadawa. Sai dai cajar da tsada, ga batun garantin batir, ga wa zai biya kuma nawa. Ni ba zan sa shi a gaba ba tukuna. Aikin da ya fi gaggawa ba shi da armashi ko kaɗan, wato kamfanin rarraba wuta ya san kowace caja a kan wace taransifoma take tun ranar da aka kafa ta, ba sai ya ji labari daga masu ƙorafin an ɗauke wuta ba.