Tashar Rahama: dogon da ba don manomi aka shimfiɗa ba

Duk mai bin hanyar Zariya zuwa Jos ta Fambeguwa da Saminaka yana ratsa yankin da wani ƙaramin jirgin ƙasa ya taɓa yi wa kuka safe da yamma: Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre, sannan ya haye tsauni. Turawa sun raɗa wa layin sunan Bauchi, alhali ko sau ɗaya bai taɓa leƙa garin Bauchi ba.

A 1912 dogon ya iso Rahama, kuma na ɗan lokaci nan ne ƙarshensa. Kuzar tsaunin Jos da a da ƴan dako ke ɗauka a ka har Loko, bakin Binuwai, sai ta samu gajeriyar hanya. A 1914 aka kai layin Bukuru, kusa da Jos, Rahama ta koma tashar ratse.

Nakan ji ana kewar wannan jirgi kamar wata ni'ima ce da muka yi sakaci ta kuɓuce. Ni ban ga haka ba. Dubi yadda aka gina shi: faɗin dogon ƙafa biyu da rabi, na babban layin Legas zuwa Kano kuwa uku da rabi. Ke nan a Zariya sai an sauke kowane buhu an sake loda shi a wani tarago. Aikin araha ne, na sauri, don kamfanonin kuza. Talaka dai ya ci albarkacin kaza, kamar ƙadangaren da ya sha ruwan kasko.

Shi ya sa da babban layi ya iso Jos daga Kafanchan a 1927, kuza ta kama hanyar Fatakwal kai tsaye, ƙaramin dogo ya zama maraya. Ya yi ta jan ƙafa shekara talatin, motoci suna kwashe masa fasinja, har aka rufe shi a 1957. Kawunan jirgin suna gidan tarihi na Jos, yara na ɗaukar hoto a gabansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar da aka tsige wa dogon. Yankin Saminaka ne fa, inda masara ke fita tirela-tirela duk kaka. Yanzu ana shimfiɗa sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano zuwa Maraɗi. Kafin a yanke ƙyallen buɗewa, ina so masu aikin su gaya mana: a ƙananan tashoshin ƙauye, akwai sito da wurin lodin hatsi, ko kuwa jirgin zai yi kuka ne kawai ya wuce?