Shamuwa ba ta jiran sabis

Makon jiya na halarci wani taro a wani otal a Birnin Kebbi, irin tarukan nan da ake raba jaka da biro da ruwan roba. Maganar ita ce yadda za a kai wa manomin karkara noman zamani ta wayar salula. Wani matashi cikin kwat ya haska hoton manhajarsu a bango, ya ce daga bana manomin Kabi ya huta da kallon sama da jiran shamuwa, domin waya za ta gaya masa ranar shuka. Aka yi dariya, aka tafa. Na waiga na dubi ɗakin, ban ga mutum ɗaya da fartanya ta yi wa kanta a hannu ba. A ƙasar Kanta kuwa, sarkin da ya kafa daular Kabi.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara abu ne mai amfani, ni ma ina karanta shi. Zai gaya maka wajen lokacin da ake sa ran damina ta sauka a ƙaramar hukumarku da tsawon da za ta yi. Amma ƙaramar hukuma ba gona ba ce. A gari ɗaya akwai jigawa mai shanye ruwa cikin yini, akwai fako da ruwa ke gudu a kansa, akwai laka mai riƙe danshi har mako. Ruwan da ya isa shuka gero a wannan fegi bai isa a na kusa da shi ba, kuma wanda ya san haka shi ne mutumin da ya tona ƙasar da hannunsa ya ga inda lema ta tsaya.

Kawuna da ke noma a wajen Augie bai taɓa riƙe babbar waya ba, amma ka tambaye shi ranar da muke ciki, da tauraro zai amsa maka. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, haka yake jero na damina kamar mai karanta sunayen 'ya'yansa. Taurari 28 ne a shekara, kowanne kwana 13, Jabaha ita kaɗai ke da 14, ka haɗa ka samu 365. Wannan kalanda ce ta rana, malamai suka riƙe ta, manoma suka ɗauka, domin watannin Musulunci suna zagayawa ba sa tsayawa a kan damina. A kan wannan lissafi yake ɗora sauran alamu: iska ta juyo daga kudu maso yamma, shamuwa ta sauka kan bishiyoyin gari, gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa na tohowa. Daga nan ne yake yanke shawarar ko ya yi binne ko ya jira ruwa na biyu. Na taɓa ce masa, "Kawu, idan shamuwa ta zo ruwa bai zo ba fa?" Ya ce, "Yaro, ai ba ita kaɗai ake tambaya ba." Masu cewa duk wannan camfi ne su fara koyon lissafin tukuna, sannan mu yi magana.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba raini ba ne. Mutanen manhaja sun ɗauka cewa ilimin gargajiya tarin bayanai ne, kamar lambobin waya, da za a kwashe daga kan tsoho a zuba cikin kwamfuta. Alhali rabin wannan ilimi hani ne. Duk inda kakanninmu suka ce ga yadda ake yi, sun biyo da kar ka yi kaza, kuma akwai mai ikon tsawatarwa.

Dubi kogin Matan Fada a Argungu. Duniya ta san bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Bidiyon dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da gora da homa yana yawo a Facebook da TikTok duk lokacin da aka yi bikin. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne watannin da ruwan ke rufe, ba mai jefa koma, har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wannan rufewar ce ke ba giwan ruwa damar girma har ya kai abin da ake ɗagawa gaban manyan baƙi. Ilimin Sarkawa da Kabawa game da kifi yana tafe da wannan horo. Yau kuwa hoto ɗaya na kamu mai kyau a zauren WhatsApp ya isa ya tara babura a bakin tafki kafin azahar, da gidan sauro a matsayin raga, wani ma da gubar gamalin a aljihu. Labarin inda kifi yake ya isa ga kowa, dokar da ke tsare kifin ta tsaya a ƙauye.

Haka abin yake ga itatuwa. Tsohon mai magani idan ya aike ka ɗebo sassaƙen maɗaci ko marke, zai ce ka sassaƙo gabas da yamma. Ko me mutum zai ce game da asalin wannan ƙa'ida, sakamakonta shi ne ba a zagaye bishiya da sassaƙa, don haka ba ta mutuwa. Yanzu "dakta" na TikTok zai ambaci sunan itace cikin daƙiƙa 60, ya ce yana maganin basir da ciwon suga da sanyi gaba ɗaya, dubban mutane su gani. Ba adadi, ba lokacin ɗiba, ba wanda aka hana sha. Je ka duba maɗatan da ke kusa da hanya ka ga yadda aka tuɓe su tsirara.

Akwai masu cewa mafita ita ce a yi maza a naɗi muryoyin tsofaffi a adana a intanet. To, a naɗa, Gidan Tarihi na Kanta ma cike yake da kayan da ba mai amfani da su yau. Tambayar da ba sa so a yi ita ce: wa zai mallaki abin da aka naɗa? A zo a zauna da tsoho yini guda, a ba shi kuɗin goro, a kwashe abin da ya gada, gobe jikansa ya sayi data don ya ji shi daga bakin manhaja. Wannan ciniki ne ko wawaso?

Mun taɓa ganin irin wannan rawar kai. Da aka gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, injiniyoyin wancan zamani su ma da lissafinsu suka zo, ba su tambayi mai fadama ba. Ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa da madatsar ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, a 1980 kuma aka zubar da jinin manoman da suka yi bore kan gonakinsu. Kusa-kusan nan, bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, kowa ya rungumi sabon iri mai gajeren kara. Yana da yabanya, ba musu. Amma tsohuwar jar shinkafar fadama, mai ƙara tsawo tana bin ruwa idan ya taso, an yi watsi da ita kamar kayan kunya. Da ambaliyar 2020 ta zo, mun ga abin da ya rage a gonaki.

Su kuma 'yan'uwanmu na Zamfara sun riga sun ɗanɗana ranar da waya ta yi shiru. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni mutane na tafiya jihohin maƙwabta don kiran waya kawai. Gero bai fasa nuna ba, kuma wanda ya yanke shi a kan kari bai tambayi manhaja ba. Gaskiya dai, ba waya kaɗai ke raba yaranmu da daji ba. 'Yan bindiga sun fi ta laifi, domin wannan ilimi a tafe ake koyonsa, yaro na bin bayan ubansa, kuma yau akwai dazukan da uba ba zai kai ɗansa ba. Shi ya sa ma bai kamata a ƙara wa wanda ya rage raini ba.

Ba na neman a kwace wa kowa waya. A sa Sarkin Noma da Sarkin Ruwa a teburin da ake tsara waɗannan manhajoji, da ikon cewa a'a. A riƙa faɗin hasashe a rediyo da lissafin taurarin da manomi ya sani. Abin da aka naɗa daga gari ya zama mallakin garin.

Da aka zo lokacin tambayoyi na ɗaga hannu, na tambayi matashin ko manhajar tasu tana jin Hausa. Ya ce ta Hausa na nan tafe in an samu ƙarin tallafi, kafin nan manomi zai iya ba ɗansa ya karanta masa Turancin.