Wat 300 a takarda, wat 120 a batir

Da farko rana na zarga. Farantin solata na wat 300 ne, batir na bolt 12, kwantirola kuwa, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, an rubuta mata sunan nau'inta, MPPT, a goshi da manyan harufa, har da zanen walƙiya. Amma ko da tsakar rana, abin da ke shiga batir ba ya wuce wat 120. Kafin sha biyun dare fanka ta fara nishi, fitila na lumshe ido.

Na hau rufi na wanke faranti har yana ɗaukar ido. Na juya shi nan, na juya shi can, na kori tantabaru. Shiru. Sai na sauko na kafa doka a gida: ba mai cajin waya sai da izinina, talabijin kuma an dakatar da ita sai baba ta gani. Uwargida ta leƙa mitar, ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan lambar ta wutar da ke shigowa ce fa. Wadda ba ta shigo ba, ta yaya muka sha ta?" Na ce maganar lantarki tana da zurfi, a bar wa masu ita.

Ɗan ƙanwata, wanda sana'arsa ke nan, ya zo ya ɗaga kwantirolar da yatsu biyu.

"Kawu, wannan ai ba ta da hanji."

Ya kwance ta. Wayam! MPPT ta gaskiya, in ji shi, tana da ƙaton naɗin wayar tagulla a ciki, shi ya sa take da nauyi. Tawa wani nau'in ce daban, PWM, ta ari suna. Farantina yana aiki ne a wajen bolt 32 da amfiya 9. PWM sai ta jawo shi ƙasa zuwa bolt 13 ko 14 na batir, amfiya kuma tana nan a tararta. In ka yi lissafi, ga wat 120 ɗin da nake ta yi wa yara faɗa a kai. Ita MPPT rarar bolt ɗin take mayarwa amfiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

PWM ba laifinta ba ne, a ganina. Da ƙaramin faranti mai bolt 18 aka haɗa ta, da lafiya lau za su zauna. Wanda ya buga mata tambarin nan nake nema.

Da sabuwar kwantirola, MPPT ta gaskiya, ta zo, na ɗauki wayar faranti zan soka, yaron ya cafke min hannu.

"Batir tukuna, Kawu! Daga shi take gane bolt 12 ne ko 24."

Ya sa fis, ya haɗa inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, kai tsaye da batir, ba ta ramin fitilu na jikin kwantirola ba. A saitin kwantirola ya zaɓi litiyam, irin batirina, ya tsayar da caji a bolt 14.4, ya kashe cajin daidaitawar nan mai haura 15 da ake yi wa batir mai ruwa. Ni aikina riƙe tocila da cewa "haka ne".

Washegari da hantsi mita ta nuna amfiya kusan 20. Yara suka yi layi da wayoyinsu, uwargida a gaba, wai a soke doka, a kuma ba su haƙuri a gaban kowa. Na ce dokar an soke ta, batun haƙuri kuwa kwamiti yana dubawa. Ta tambayi su wa ke cikin kwamitin, na ce ni da tantabaru.