Iyayen yaran Buni Yadi ba su yi sakaci ba

Tun jiya raina yake a ɓace da wata magana da wani bawan Allah ya yi, wadda ake ta yawo da ita, wai iyayen da suka bar 'ya'yansu a makarantun kwana lokacin da Yobe ke ci da wuta su suka jawo wa kansu, wai sakaci ne. Malam ka ji tsoron Allah. Ba ka san dawan garin ba, ba ka taɓa kwana da takalmi a ƙafa kana jiran ta inda harbi zai fara ba, sannan ka buɗe baki ka ɗora wa uwar da aka kashe wa ɗa laifi. Wallahi wannan magana ta yi muni.

FGC Buni Yadi fa makarantar gwamnatin tarayya ce, a ƙaramar hukumar Gujba, kuma tun watan Mayun 2013 Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, ko'ina ka bi shinge ne da soja. Gwamnati ta bar makarantar a buɗe, malamai suna shiga aji, ana buga ƙararrawa, ana kiran suna. Uba ya sayar da buhun wake ya yi wa ɗansa sayayya ya kai shi har bakin get ya danƙa amana a hannun hukuma. To ina sakacin yake a nan? Wa aka ba amana, wa ya kasa riƙe ta?

A daren 25 ga Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka shigo makarantar yara na barci, suka cinna wa ɗakunan kwana wuta, wanda ya samu ya fito a guje ya tarar da su a waje. Yara maza 59 aka kashe, aka ƙone gine-gine 24, 'yan matan kuma aka tara su aka ce su koma gida su yi aure su rabu da boko. Mutanen garin sun faɗa a lokacin cewa an janye sojojin da ke shingen kusa da makarantar kafin harin, shi kansa gwamna Ibrahim Gaidam da ya je ya gani da idonsa sai da ya koka kan yadda jami'an tsaro suka kasa zuwa a kan lokaci. Bayan kwana biyu kacal aka shiga bikin cikar Najeriya shekara 100 a Abuja da shugabannin ƙasashe, iyaye kuwa ko zaman makoki ba su gama ba. Duk wannan bai dame ka ba, sai uba talaka ka gani.

Na san abin da za ku ce, ai sun ga abin da ya faru a Mamudo a watan Yulin 2013 inda aka kashe mutum 42 yawancinsu ɗalibai, sun ga na kwalejin aikin gona ta Gujba a watan Satumba, me ya sa ba su kwashe yaransu ba. E sun gani. Ita gwamnatin ba ta gani ba? Ita da ke da bindiga da mota da bayanan sirri? Kuma a kwashe su a kai su ina, ƙauyen da shi ma ake shiga a ƙone, ko ƙauyen da babu sakandare sai ka yi tafiyar yini? Abin da 'yan Boko Haram suke so kenan dama, a watse a bar ajin ba kowa. Waɗannan iyayen sun san da haɗarin, suka yi addu'a suka ce je ka yi karatu. Sadaukarwa ake ce wa wannan, sakaci na wajen wanda aka ba gadi.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ko babu yaƙi rayuwar ba sauƙi, akwatin ƙarfe da ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari a ƙulle a leda, tashin asuba cikin hunturu ka bi layin famfo da bokiti hannu na karkarwa, gabza da miyar da sai ka leƙa kafin ka ga mai, lebo, horon siniyoyi, karatun dare da 'yar tocila a ƙarƙashin bargo. To ka ɗora tsoro a kan duk wannan. Yaro ɗan shekara 13 yana kwance a gadon sama, ya ji ƙarar babur daga nesa gabansa ya faɗi, amma gari na wayewa ya sa yunifom ya tafi asambili. A Potiskum ma a wajen asambilin aka same su ranar 10 ga Nuwamban 2014, wanda ya tayar da bam ɗin da kayan makaranta ya shigo, sama da 40 suka rasu. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 jarrabawar WAEC suka koma rubutawa. Waɗannan yaran jarumai ne wallahi, ina rubutun nan idona na kawo ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya dawo da waɗanda har yau ba a gani ba.

Malaman ma ba a cika tuna su ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce zuwa 2015 an kashe mata sama da malamai 600 a rikicin nan, mutanen da ke kwana a kwatas ɗin makaranta da iyalansu a kan albashin da ba ya kai su ƙarshen wata, ga masu dafa abinci, ga maigadi da sanda da tocila. Su ma sakaci suka yi?

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuma shi ne yadda aka mayar da rufe makaranta magani. An kai hari Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, kusan kullum sanarwar ɗaya ce, a rufe makarantun kwana ko a mayar da su jeka-ka-dawo. Ɗan birni ba ruwansa, zai hau adaidaita ya tafi wata. Yarinyar ƙauye kuwa in aka rufe hostel karatunta ya ƙare kenan, don babu uban da zai bar ta ta riƙa taka kilomita goma a daji kullum safe da yamma. Ku da kuke da 'yan uwa a majalisun jihohi don Allah ku tambaye su makarantun kwana nawa ne a mazaɓarsu suke da katanga a tsaye da maigadin da ake biya albashi.