Gawa da raha a cikin jirgin ruwan yaƙi

Kwanan nan na sake kallon wani tsohon fim na Amurka marar kala mai suna Murder in the Fleet, wanda kamfanin MGM ya fitar a 1935, kuma na ƙara gamsuwa cewa babu wurin da ya dace da labarin farautar mai kisa kamar jirgin ruwan yaƙi.

A labarin, ana gaggawar kafa sabuwar na'urar saita bindigogi a jirgin Carolina kafin wa'adi ya cika, sai aka fara zagon ƙasa, sannan aka tsinci gawa, nan take kyaftin ya hana kowa sauka, har da farar hular da ke ciki. Da a gidan wani attajiri abin ya faru, sai marubuci ya ƙirƙiro ambaliya ko karyewar gada kafin ya tsare mutanensa wuri ɗaya, amma a jirgin soja umarni guda ya wadatar, kuma mai kallo ba zai yi gardama ba, tunda ya san soja ba ya jayayya da na gaba da shi. Mai laifin yana nan cikinsu, yana cin abinci tare da masu nemansa.

Masu suka suna cewa barkwancin Ted Healy da Nat Pendleton, 'yan wasan da suka fito a matsayin ƙananan sojojin jirgin, yana kashe fargabar labarin. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Daraktan, Edward Sedgwick, mutumin ban dariya ne tun asali, shi ya ja ragamar fim ɗin The Cameraman na ɗan wasan barkwanci Buster Keaton a 1928, shi kuwa Healy shi ne ubangidan ƙungiyar 'yan barkwanci ta Three Stooges kafin su rabu a 1934. Cacar bakin mutanen nan biyu ita ce ke nuna mana rayuwar na ƙasa, domin in babu ita, hafsoshi masu guga da murtukakkiyar fuska kaɗai za mu yi ta kallo, irin su jarumin fim ɗin, Robert Taylor, wanda a lokacin tauraronsa bai gama haskawa ba.

Inda na ba masu sukan gaskiya shi ne, wani lokaci gawa ba ta ko huce ba ake sako raha, har mutum ya manta an yi rashi. Amma da aka kai ga dambe a ɗakin ajiyar albarushi, ruwa yana ta cika shi, barkwancin ya yi tsit, ni ma ban ƙara taɓa shayina ba.