Ban da gidan mari

Wani labari da na karanta ya ce a haɗa addu'a da asibiti wajen raba yara da shaye-shaye. Na yarda, amma don Allah ban da gidan mari. Ƙanena a nan Gusau taramol ta kama shi, muka kai shi wurin wani malami, wata uku a ɗaure. Ya dawo da tabo a idon sawu, ko sati biyu bai rufa ba ya koma ruwa. Ai kowa ya ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. Sai da likita ya shawo kan rashin barcin da ciwon jikin, kawunmu ya ja shi shagon walda, ya raba shi da 'yan majalisarsu. Har yau dai Hajiya ba ta bari kuɗi su kwana a aljihunsa.