Mun ƙirga takardu, amma wace tambaya aka bi har ƙarshenta?

Jiya da daddare na zauna na karanta rahoton binciken shekara na wata jami'a, ɓangaren ilimin halittu da kimiyyar abinci da kimiyyar sinadarai. Ba zan kama sunanta ba, domin abin da na gani ba ita kaɗai ke da shi ba. Shafi bayan shafi jerin maƙaloli ne, wane da wane sun buga kaza a mujalla kaza, kowane sashe da nasa jerin, a ƙasa an ja layi an rubuta jimilla. Allah Ya sani na yaba, don na san irin gumin da ake zubarwa kafin maƙala ɗaya ta fito. Amma da na rufe rahoton, zuciyata ba ta kwanta ba.

Ban ga tambaya ko ɗaya da ta tashi daga wannan sashe ta shiga wancan ba. Masu ilimin halittu sun gano irin fumfunar da ke kama hatsi a ma'ajiya, suka tsaya nan. Masu kimiyyar abinci sun auna danshi da furotin da mai na irin wannan hatsin, suka tsaya nan. Masu sinadarai kuwa sun jiƙa ganyen wata bishiya, sun tace, sun ce akwai sinadaran tanin da alkaloyid a ciki, kuma ruwan ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a farantin gwaji. To wane sinadari ne a cikinsu ya yi aikin? Nawa ne adadin da zai yi magani, nawa ne zai zama guba? Shiru. Baɗi wani ɗalibi zai ɗauko wani ganyen daban, a sake bin hanyar nan daga farko.

Ku ba ni dama in ba ku labarin wata jami'a da ta yi abin da nake nufi, Jami'ar Wiskonsin da ke Madison a Amurka.

A 1907 masana a sashen sinadaran aikin gona na wannan jami'a, ƙarƙashin Edwin Hart, suka fara wani gwaji wanda Stephen Babcock ya daɗe yana so a yi. Suka raba 'yan maruƙa rukuni-rukuni: wasu masara kaɗai, wasu alkama kaɗai, wasu hatsin ot kaɗai, wasu kuma a gauraye. An daidaita abincin ta yadda a lissafin masanin sinadarai duk ɗaya ne, furotin iri ɗaya, ƙarfin abinci iri ɗaya. Aka yi shekara huɗu ana kallon shanun nan, har 1911. Na masara suka yi ɓul-ɓul, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu. Na alkama suka lalace, 'ya'yansu suna zuwa a mace ko su mutu ba da jimawa ba. Takardar awo ta ce abincin ɗaya ne, jikin saniya ya ce a'a. Maimakon su ce saniyar ce ta yi kuskure, sai suka yarda akwai abin da ma'auninsu bai iya gani ba. Daga wannan zaren ne Elmer McCollum da Marguerite Davis, a wannan jami'ar dai, suka nuna a 1913 cewa akwai wani abu a cikin man shanu da ƙwanduwar ƙwai wanda ɓeraye ba sa girma in babu shi. Shi ne aka sa wa suna bitamin A daga baya.

Ku duba fa, shekara huɗu ana ciyar da shanu kafin a buga sakamako. A ma'aunin da muke auna malamai da shi yau, mutumin da ya yi haka sai a ce ba ya aiki.

Na biyun ma ya fi taɓa ni. A watan Fabrairun 1933, cikin tsananin sanyi, wani manomi ya iso jami'ar da mushen saniya, da gwangwanin madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, da tarin busasshiyar ciyawar da yake ba dabbobinsa. Shanunsa na mutuwa ne da zubar jini. Tun shekarun 1920 likitocin dabbobi, irin su Frank Schofield a Kanada, sun gano cewa cutar na da alaƙa da wata ciyawa da ake kira kuloba idan ta yi fumfuna. Abin da ba a sani ba shi ne mene ne a cikinta yake kisan. Manomin ya faɗa hannun Karl Paul Link, masanin sinadarai. Link da ɗalibansa suka yi shekara shida suna tacewa suna gwadawa a jinin zomaye, sai a 1939 ɗalibinsa Harold Campbell ya ware sinadarin tsantsarsa. A 1940 suka gane siffarsa, suka haɗa shi da hannunsu. Ashe fumfunar ce ke juya wani sinadari mai ƙamshi da ke cikin ciyawar, kumarin, ya koma dikumarol, wanda ke hana bitamin K yin aikinsa na daskarar da jini. Ba su tsaya nan ba. Suka haɗa 'yan'uwansa fiye da 100, ɗaya daga ciki ya fito a 1948 a matsayin maganin ɓera mai suna warfarin. A 1954 aka amince a riƙa ba mutane shi don hana jini daskarewa a cikin jijiyoyi, har shugaban Amurka Eisenhower ya sha bayan bugun zuciyar da ya same shi a 1955. Har yau likitoci na rubuta shi.

Yanzu ku gaya min, wannan aikin na wane sashe ne? Fumfuna ta masu ilimin halittu ce. Lalacewar abinci a ajiya ta masu kimiyyar abinci ce. Ware sinadari da haɗa shi na masu sinadarai ne. Saniyar da ta mutu ba ta san da wannan rabon ba, kuma wanda abinci ya cutar ma bai sani ba. Haka aka yi da gubar afulatoksin: a 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil, sai da masu nazarin fumfuna da masu sinadarai suka haɗa hannu kafin a kama mai laifin, wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan fagen ba karin magana ba ce kawai, yadda aikin yake ke nan.

Malamaina, ina roƙon kada ku ɗauki maganar nan a matsayin zargi. Na san yadda abin yake. Idan dokar ƙarin girma ta ce sai ka kawo maƙala kaza, kuma a wasu wuraren makin maƙala raguwa yake idan marubutanta sun yi yawa, to an riga an gaya wa malami cewa haɗa kai da sashen maƙwabta asara ce. Idan kuɗin bincike na shekara ɗaya ne, ɗalibi kuma yana da watanni kaɗan ya kammala, wa zai ɗauko tambayar da za ta ci shekara shida? Ga na'urorin da ake buƙata don gane siffar sinadari suna da tsada, ba kowace jami'a ke da su ba, wadda ke da su kuma sau da yawa suna kulle a sashe ɗaya. Malamin da ya raba aiki ɗaya gida uku ya buga sau uku, abin da tsarin ya nema ne ya ba shi. Laifin yana kan ma'aunin.

Kuma duniya ta san ma'aunin nan ya karkace. A 2012 masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ta ce a daina auna darajar mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. A 2023 an janye maƙaloli fiye da 10,000 daga mujallun kimiyya a shekara ɗaya, mafi yawansu daga kamfanin wallafa guda. Inda duk aka mayar da ƙirge abin nema, za a samu masu sayar da shi.

Kada kuma wani ya fahimce ni cewa sai binciken da zai zama magani ko kayan sayarwa gobe ne mai daraja. Thomas Brock na Jami'ar Indiyana ya je maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a shekarun 1960 don kawai ya ga ko akwai abin da ke rayuwa a ciki. Ƙwayar da ya samo, Thermus aquaticus, ita ta ba da sinadarin da ya sauƙaƙa gwajin PCR, wato hanyar ninka ƙwayoyin gado (DNA) a ɗakin gwaji don a iya gano su, shekaru kusan 20 bayan haka. Shi ma tambaya ɗaya ya riƙe bai sake ta ba. Abin da nake ƙi shi ne taɓa-ka-lashe.

Da za a tambaye ni, a rahoton baɗi ina so in ga shafi guda kafin jerin maƙalolin. A rubuta tambayoyi uku ko huɗu da jami'ar ta ɗauka, shekarar da aka fara kowace, sassan da ke kanta, inda aka kai, har da abin da aka gwada bai yi ba, domin wannan ma ilimi ne da zai hana wani ɓata shekararsa. A bar ɗalibin kimiyyar abinci ya samu mai duba aikinsa na biyu daga sashen sinadarai ba tare da ya yi ta yawon neman sa hannu ba. Ganyen nan kuma da aka ce ruwansa ya kashe ƙwayoyin cuta a faranti, a miƙa wa ɗalibin da ke tafe sakamakon da ragowar ruwan da aka tace, a ce masa ga inda aka tsaya, ɗora daga nan.